An ce an soke gurbina, sai ga tallarsa a intanet

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri zan ɗan ja zance, raina ne a jagule. Shekarata shida cur ina aikin akawu a siton wani kamfanin rarraba kaya a nan Ingila. Mu uku ne ke riƙe da lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Jiya Litinin manaja ya kira ni ofis, ya ce kamfani na rage ma'aikata, kuma gurbina aka soke. Ko minti goma ba mu yi ba. Ya ce Juma'ar nan ce ranata ta ƙarshe, ya miƙo mini takarda, wai in na sa hannu kafin a tashi aiki ranar Laraba za su ba ni fam 7,500 a dunƙule, mu rabu lafiya. Abin da ya hana ni barci shi ne, da daddare maman yara ta ga sun sa talla a intanet suna neman ma'aikaci. Sun sake wa aikin suna, amma da na karanta abin da mutum zai riƙa yi, wallahi aikina ne kaf, sai dai albashin ya ɗan yi ƙasa. Sauran biyun kuwa ko kiransu ba a yi ba. In sa hannu ko in tsaya?

Nura: Innalillahi! Yaya, wannan ai kora ce aka sa mata riga. Kar ka sa hannu a komai. Ka maka su a kotu kawai, su san ba kowa ake takawa ba.

Malam Iro: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da mafi alheri, Baban Hanifa. Ni dai shawarata ka karɓi abin da suka ba ka ka yi gaba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Na ga mutanen da suka shiga shari'a da kamfani, suka ƙare ba aikin ba kuɗin, ga hawan jini. Kai da iyali a wuyanka, ina kai ina ja da masu lauyoyi?

Hajiya Rabi: Malam, da girmanka, amma bari mu fara lissafi kafin mu kai ga haƙuri. Na yi shekaru ina wakiltar ƙungiyar ƙwadago a wurin aikinmu, irin wannan takarda na ga ta fi a ƙirga. Baban Hanifa, amsa mini uku: shekarunka nawa na haihuwa, nawa ne albashinka na mako kafin a cire haraji, kuma fam 7,500 ɗin nan ƙari ne a kan haƙƙinka ko shi ke nan duka?

Baban Hanifa: Shekarata 43, Hajiya. Albashi fam 520 a mako. Takardar ta ce kuɗin ya haɗa komai da komai, har da notis.

Hajiya Rabi: To ka gani. Ɗauko biro. Duk wanda ya cika shekara biyu a wuri aka sallame shi saboda rage ma'aikata, doka ta yanka masa kuɗin sallama, ko kamfani na so ko ba ya so. Kowace shekara da ka yi aiki kana ƙasa da 22, rabin albashin mako. Daga 22 zuwa 40, albashin mako ɗaya. Daga 41 zuwa sama, mako ɗaya da rabi. Ba a ƙirga fiye da shekara 20, kuma albashin makon yana da iyaka da ake sabuntawa kowane watan Afrilu, amma naka bai kai iyakar ba. Kai shekara huɗu a kan mako ɗaya, biyu a kan ɗaya da rabi, mako bakwai ke nan, fam 3,640. Sai notis: mako ɗaya a kan kowace cikakkiyar shekara, har zuwa mako 12. Kai mako shida, fam 3,120. Haɗa su, fam 6,760, ban ma sa kuɗin kwanakin hutun da ba ka ci ba. Wannan naka ne ko ba ka sa hannu a ko'ina ba. Abin da suke tayawa don ka yafe damar kai su ƙara bai wuce fam 740 ba. Da kuɗinka suke son sayen bakinka.

Nura: Kan uba! Ashe sakiyar da ba ruwa ce.

Malam Iro: To wannan kam ban lura da shi ba. Na ɗauka kyauta ce a kai.

Baban Hanifa: Ni ma haka na ɗauka, Malam. Da na ji adadin har na ce a raina sun yi ƙoƙari. Amma Hajiya, in Laraba ta wuce suka janye fa?

Hajiya Rabi: Su janye me? 740 ɗin? Sauran ba su da ikon taɓawa. Kuma irin wannan takardar sulhu ba ta zama doka a kanka sai wani mai zaman kansa, lauya ko jami'in ƙungiyar ƙwadago da aka tantance, ya zauna da kai ya bayyana maka abin da za ka yafe, an kuma rubuta sunansa a ciki. Yawanci kamfanin ne ma ke biyan kuɗin wannan zaman da lauya. Ƙa'idar ACAS, hukumar sasanta ma'aikata da masu ɗaukar aiki, ta ce a ba mutum aƙalla kwana goma ya yi nazari. Kwana biyu da suka ba ka matsin lamba ne kawai. Ka rubuta musu imel yau cikin ladabi, ka ce kana buƙatar kwana goma da kuma ganin lauya.

Alhaji Garba: Ku bar ni in shigo daga ɗaya ɓangaren, tunda duk kun taru a gefe guda. Ina da ƙaramin kamfanin share-share, ma'aikatana ba su kai ashirin ba. Shekarun baya wata babbar kwangila ta suɓuce mini, dole na sallami mutum biyu. Kwana nawa na yi ban runtsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba kowane mai kamfani ne azzalumi ba, kuma doka ba ta hana mutum ya rage ma'aikata ko ya sake tsarin aikinsa ba. Kotun ma'aikata ba za ta zauna ta ce maka shawarar da ka yanke ta kasuwanci wauta ce ba, ba hurumin alƙali ba ne. Nura da ke cewa a maka su a kotu, ka taɓa biyan albashin mutum ɗaya a ƙarshen wata?

Nura: Alhaji ban taɓa ba, amma kai da ka sallami naka, ka sa talla washegari kana neman wani a madadinsu?

Alhaji Garba: A'a. Wannan kam ban yi ba, kuma ba zan kare shi ba. Amma a karanta tallar da kyau. Sau da yawa ana haɗe ayyuka biyu su zama ɗaya, mai kallo daga waje ya ce ai aikina ne, alhali rabi ne nasa.

Hajiya Rabi: Alhaji ya faɗi gaskiya a abu ɗaya: alƙali ba ya sa kansa a kujerar mai kamfani. Abin da yake tambaya shi ne ko matakin da aka ɗauka na cikin abin da mai hankali zai iya ɗauka. Amma kafin a kai nan, kamfani ne zai fara nuna dalilin sallamar, kuma dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta ƙayyade dalilan: rashin iya aiki, rashin ɗa'a, rage ma'aikata, in ci gaba da aikin zai saɓa wata doka, sai wani babban dalili na daban. Rage ma'aikata kuma ba kalma ba ce da manaja zai ɗauko ya lanƙwasa yadda ya ga dama. Ma'anarta a doka: ko kamfanin ya rufe, ko wurin aikin ya rufe, ko buƙatar masu yin irin wannan aikin ta ragu. Gurbi ake sokewa, ba mutum ba. In jiya akawu uku ake buƙata, gobe ma uku, me ya ragu? Son samun wanda ya fi araha ba raguwar aiki ba ce.

Ko ma a ce Alhaji ya yi daidai, an haɗe ayyuka, to ai sai a fara tallata wa Baban Hanifa sabon gurbin. Wajibi ne kamfani ya duba ko akwai wani aikin da ya dace da mutum kafin ya sallame shi, har doka ta ba shi mako huɗu ya gwada ba tare da ya rasa kuɗin sallamarsa ba. Su ɗin fa? A intanet matarsa ta gani.

Sai batun zaɓe, wanda a ganina nan ne suka fi yin rauni. Mutum uku na aiki iri ɗaya. Yadda aka saba shi ne a sanar da ukun cewa akwai barazana, a fitar da ma'aunin da za a gwada su da shi, kamar ƙwarewa da tarihin ladabtarwa da zuwa aiki, a zauna da kowa a ji ta bakinsa tun shawara ba ta yanku ba. Zaman minti goma da aka riga aka buga takarda ba tuntuɓa ba ce, sanarwa ce.

Nura: Ai ma Yaya ya riga su zuwa, na san haka. Doka ta ce wanda ya zo ƙarshe shi ake fara sallama.

Hajiya Rabi: Ƙanina, kana haɗa dokoki biyu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ce, a sashe na 20, ta ambaci wanda ya shigo ƙarshe ya fara fita, shi ma tare da duba cancanta. A nan ba dole ba ne. Kamfanoni ma na ɗari-ɗari da dogaro da shi kaɗai, don yakan faɗa kan matasa, sai a ce an nuna bambancin shekaru ƙarƙashin dokar daidaito ta 2010.

Sani: Ni ina Amurka ina karanta ku ina mamaki. A nan, in ka cire jihar Montana, asalin ƙa'idar ita ce mai kamfani zai iya sallamarka duk ranar da ya so ba tare da ya faɗi dalili ba, muddin ba wariya ko ramuwar gayya ba ce, ko kuma kana da yarjejeniyar ƙungiya. Kuɗin sallama ma doka ba ta tilasta ba. Abin da muke da shi wata doka ce ta 1988 da ta ce kamfani mai ma'aikata 100 zuwa sama ya ba da notis na kwana 60 in zai rufe ko ya yi kora mai yawa. Ku gode wa Allah kuna da abin riƙewa.

Alhaji Garba: Su ma nan manyan in sun so takawa suna takawa. Kun manta kamfanin jiragen ruwa na P&O Ferries a watan Maris na 2022? Ma'aikatan jirgin ruwa wajen 800 aka sallama ta saƙon bidiyo, shugaban kamfanin ya je gaban kwamitin majalisa ya amsa da bakinsa cewa da gangan ba su tuntuɓi ƙungiyoyi ba. Mu ƙanana ne doka ke kamawa a wuya.

Hajiya Rabi: Wancan babin daban ne, Alhaji. In za a sallami mutum 20 zuwa sama a wuri ɗaya cikin kwana 90, tuntuɓar wakilan ma'aikata za ta fara aƙalla kwana 30 kafin sallamar farko, in sun kai 100 kuma kwana 45. Na Baban Hanifa shi kaɗai ne, wannan bai shafe shi ba. Kuma kasancewarsa shi kaɗai ɗin ne ke damuna. Baban Hanifa, tsakaninka da Allah, akwai abin da ya haɗa ka da manajan nan kwanan baya?

Baban Hanifa: To... wata biyu da suka wuce na rubuta wa ofishin kula da ma'aikata ƙorafi. Akwai awannin da muka yi bayan lokacin tashi, har na wata uku, ba a biya mu ba, alhali takardar ɗaukar aikina ta ce za a biya. Daga baya sun biya, amma tun ranar manajan ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ban kawo shi ba ne don kar a ce ina zargi.

Nura: Ruwa ba ya tsami banza!

Hajiya Rabi: Haba Baban Hanifa, ai wannan ne kan maganar ka bar shi a ƙarshe. Neman albashin da aka riƙe maka haƙƙi ne da doka ta ba ka. In aka tabbatar saboda shi aka zaɓe ka, korar ta zama haramtacciya kai tsaye, ba a ma duba ko an bi tsari. Sahu ɗaya take da korar mace don ta samu ciki, ko korar wanda ya tona asirin wata ɓarna, ko don mutum ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Ban ce ka riga ka ci shari'a ba, domin babu manajan da zai rubuta cewa don ƙorafi ya kore ka. Amma jera su: ƙorafi a rubuce, bayan wata biyu a zaɓe ka kai kaɗai cikin uku, ba ma'auni, ba tuntuɓa, ga talla. Su za su sha wahalar bayani.

Zainab: Anti Rabi, duk abin da kika faɗa haka yake, amma bari in faɗi abin da ba a rubuta a doka ba, don ni na bi hanyar nan da ƙafata. An sallame ni daga wani wurin kula da tsofaffi da sunan rage ma'aikata, na kai ƙara. Sama da shekara na yi ina jiran ranar zama. Kuɗin shigar da ƙara babu, tun 2017 kotun ƙoli ta soke shi, amma takardu kaɗai sun isa su tsufar da mutum. Ranar zaman, matar da muke cin abinci tare ta zo ta ba da shaida a kaina. Na yi nasara, alƙali ya ce ba su bi tsari ba. Sai lauyansu ya tashi ya ce ko da sun bi, da wuya in tsira, tunda da gaske sun rufe sashenmu. Aka zaftare mafi yawan diyyar. Akwai wata tsohuwar shari'a ta 1987, ta wani direba mai suna Polkey, da ita suke kafa hujja. Ɓangaren diyyar da ake lissafawa da shekarun aiki kuma aka ce kuɗin sallamar da na riga na karɓa ya cinye shi. Abin da ya shigo hannuna bai kai wahalar ba. Kuma a sani, diyya ta asarar da ka yi ce. In ka samu wani aiki da wuri, ta ragu. In ka zauna ba ka nema ba, a ce ba ka yi ƙoƙarin rage asararka ba. Mayar da mutum bakin aiki kuwa da wuya ake yi.

Malam Iro: Kun ji ko? Abin da nake gudar masa ke nan. Allah ya saka miki, 'yata.

Zainab: Amin Baba, amma ban ce ya karɓi 740 ba fa. Nawa sashen an rufe shi da gaske, nasa kuwa tallarsa na yawo. Cewa nake ya san abin da yake nema. Ƙarfin da ke hannunsa na ciniki ne. Kamfani ma ba ya son zuwa kotu, ko sun ci ba kasafai ake sa ma'aikaci ya biya musu kuɗin lauya ba. In ya tsaya da hujjojinsa, za su ƙara. Ya sa a cikin sulhun su ba shi takardar shaidar aiki mai kyau, a amince da kalmominta tun yanzu. Ni da na san haka da farko, da na yi sulhu tun a wata na biyu.

Hajiya Rabi: Ni da Zainab ba mu saɓa ba. Sai dai ciniki ba ya yiwuwa in lokaci ya ƙwace maka, kuma nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa. Ka riƙe wata uku, a cire kwana ɗaya, daga ranar da aikinka ya ƙare, wato daga Juma'ar nan. Kafin wa'adin ya cika dole ka sanar da ACAS, kyauta ne, su gwada sasanta ku, in bai yiwu ba su ba ka takarda mai lamba wadda da ita ake shigar da ƙara. Lokacin da suke sasantawar agogo na tsayawa. Ɗaukaka ƙara a cikin kamfani kuwa ba ya tsayar da shi. Na ga wanda aka yi ta ja masa rai da "muna dubawa, za mu kira ka" har wa'adi ya wuce, sannan aka daina ɗaga wayarsa.

Sani: Tambaya daga nesa: bizarsa ba ta rataye da kamfanin ba?

Baban Hanifa: A'a, alhamdulillahi, bara na samu izinin zama na dindindin.

Hajiya Rabi: Madalla. Masu bizar aiki da ke karantawa, ku naku ya fi tsanani, don in kamfani ya sanar an sallame ku, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyinsa.

Baban Hanifa, aikin daren yau: ɗauki hoton tallar nan da kwanan watanta kafin su sauke. Nemo kwafin ƙorafinka da amsar da suka ba ka, da takardar ɗaukar aiki, da takardun albashi. Zauna ka rubuta abin da manaja ya faɗa jiya kalma da kalma tun kana tunawa. A imel ɗin ka tambaye su a rubuce: su wa aka sa a cikin zaɓen, da wane ma'auni, maki nawa ka samu, kuma me ya sa ba a ba ka sabon gurbin ba. Kana da damar neman duk bayanan da suka ajiye a kanka, wata ɗaya doka ta ba su su amsa. Abu ɗaya kar ka yi: kar ka kwashi takardun sirrin kamfani ka tura wa kanka. Da shi za su juya maganar ta koma kanka.

Alhaji Garba: Wannan na ƙarshen ku ji shi da kyau. Kuma kar ka je Facebook kana zaginsu, Nura ina kallonka.

Nura: Alhaji ni na yi shiru ai. Amma Yaya, ka nemi aikin da suka tallata mana, mu ga abin da za su ce.

Zainab: Wasa yake yi, amma ba shawarar banza ba ce. Ka tambayi lauyan kafin ka tura.

Malam Iro: To ni na janye rabin maganata, rabi na nan. Ka nemi haƙƙinka, amma ka fara neman wani aikin tun gobe, kar shari'a ta zama ita ce sana'arka. Kuma ka kwantar wa maman Hanifa da hankali.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura imel ɗin da Hajiya ta ce da yamman nan. Ba a yi awa biyu ba ofishin ma'aikata suka amsa, ba manajan ba. Sun ba ni kwana goma, sun ce za su biya kuɗin ganin lauya. Tambayoyin zaɓen kuwa ko ɗaya ba su taɓa ba. Na koma in ƙara ɗaukar hoton tallar, sun sauke ta.

Hajiya Rabi: Ka riga ka ɗauka tun farko?

Baban Hanifa: Maman yara ta ɗauka tun daren jiya, har da adireshin shafin da kwanan wata. Ta ce ta san halina.

Hajiya Rabi: Ka gaishe mini da ita. Ranar Juma'a in sun ba ka wasiƙar sallama, ka karɓa, kar ka sa hannu a kan komai sai shaidar cewa ta iso hannunka. Ka turo mini hoton shafin farko ta akwati, in ga ranar da suka rubuta a matsayin ƙarshen aikinka.